Kafin mu tafa, mu tambaya: aljihun wa za a taɓa?

 Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, da duk wata 'yar jam'iyya da wannan saƙo ya shigo wayarta, barkanmu da war haka. Ya gida, ya yara, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Allah Ya kawo mana sauƙi.

Saƙon yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wadda ba ta da sarari yanzu ta ajiye shi sai bayan isha'i in yara sun kwanta. Wadda kuma take da 'yar uwa a mazaɓa da ba ta iya karatun boko ba, don Allah ta karanta mata.

Makon jiya an kira mu zaman kwamitin da ke tsara manufofin da jam'iyya za ta shiga zaɓe da su. Mu uku ne mata a ɗakin. Wani matashi ɗan boko ya tashi da kwamfutarsa ya haska mana hotuna a jikin bango: dogayen benaye, gilasai, fitilu kamar rana. Ya ce haka tsakiyar Kano za ta koma in aka jawo manyan kamfanoni suka shigo. Hanyar jawo su kuma, in ji shi, a ba su fili kyauta a ƙwaryar gari, a yafe musu kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da jiha da ƙaramar hukuma ke karɓa har shekara goma, a ja musu titi da wuta zuwa bakin ƙofa. In ta kama ma gwamnati ta ciyo bashi ta tayar musu da ginin. Ɗaki ya ɗau tafi. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye muku ba, don hotunan sun yi kyau.

Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu na ce wa shugaban zama, ranka ya daɗe, wannan kuɗin da za a yafe da titin da za a ja, daga aljihun wa za su fito? Aka yi dariya. Wani babba ya ce, "Hajiya, wannan maganar tattalin arziki ce, a bar wa masana." Na yi shiru saboda girmansa, amma abin ya tsaya min a rai har gida. 'Yata ta biyu tattalin arzikin take karanta a jami'a. Na ce ta zauna ta nemo min inda aka taɓa yin irin wannan a duniya, ta faɗa min da Hausa yadda zan gane. Dare biyu muka yi muna abu ɗaya.

Abin da ta fara nuna min shi ne, ba kowane haraji gwamna ko ciyaman ke da ikon yafewa ba. Harajin ribar kamfanoni gwamnatin tarayya ce ke karɓarsa. Abin da ke hannun jiha shi ne harajin da ake cira daga albashin ma'aikata, da kuɗin ƙasa, da kuɗin rajistar wurin sana'a da makamantansu. Ƙaramar hukuma kuma tana da kuɗin kasuwa, na shago da rumfa, da na tasha. Sai babban abu, fili. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, amma a matsayin amana ya riƙe wa jama'ar jiha. To kun ga in aka ce "gwamnati za ta ba su", abin da ake nufi shi ne filinmu, da kuɗin da aka cira daga albashin malamar firamare da ma'aikaciyar jinya, da tikitin da ake yankar wa mai abinci a bakin kasuwa. Gwamnati ba ta da wata gona daban da take nomo kuɗi.

Daga nan ta kai ni Amurka, wani birni da ake kira Kansas a jihar Mizuri. Ku saurari labarin da kyau, don shi ne kusan abin da aka haska mana a bango.

Tsakiyar wannan birni ta taɓa mutuwa. Masu hali sun sayi motoci sun koma unguwannin bayan gari, kantuna suka bi su. Da ma'aikatan ofis sun tashi da yamma sai wurin ya koma kamar kufai. Magajiyar garin a lokacin mace ce, Kay Barnes, ta ɗaura ɗamarar farfaɗo da shi. Aka yi yarjejeniya da wani kamfanin gine-gine mai suna Cordish daga birnin Baltimo, ya gina unguwa guda ta gidajen abinci, kantuna, silima da wuraren shaƙatawa. Sunan wurin Power and Light, wato wuta da haske. Na ce wa 'yata, ka ji inda ake da wutar har ana sa wa unguwa suna da ita. A 2006 hukumar birnin ta ciyo bashin dala miliyan 295 saboda wannan aiki. Lissafin da aka yi a takarda mai daɗin ji ne: in wurin ya buɗe, harajin cinikin da za a riƙa yi a cikinsa shi zai biya bashin, ba sai an taɓa kuɗin kowa ba. Amma akwai wani layi a yarjejeniyar, cewa in cinikin bai kai ba, birni ne zai cike.

Wurin ya buɗe sosai a 2008, daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya faɗi. Cinikin bai kai ko kusa da abin da aka lissafa ba. Tun daga nan, a yawancin shekaru, hukumar birnin tana zaro sama da dala miliyan 10 daga babban asusunta tana cike giɓin. Wannan asusun kuwa shi ne na gyaran titi, kwasar shara, 'yan kwana-kwana da sauran ayyukan unguwanni. Da abin ya yi nauyi aka sake jera bashin aka ƙara masa shekaru, wato yaran da ba a haifa ba lokacin da aka sa hannu, su ma da rabonsu a biyan.

Zan yi adalci. Tsakiyar Kansas ta farfaɗo. Mutane sun dawo da zama, an gina gidaje, akwai ɗan jirgin ƙasa na cikin gari da aka fara a 2016. Masu goyon bayan aikin har yau suna cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma ba zan ce ƙarya suke ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka raba abin: in an ci riba ta kamfani ce, in an faɗi faɗuwar ta mai biyan haraji ce. Kuma an ce wa mutane ba za a taɓa aljihunsu ba, aka taɓa. Wace ce a cikinmu za ta shiga adashen da uwar adashe ta ce in kuɗi ya cika ita za ta kwasa, in wata ta gudu ke za ki cike?

Akwai ƙarin wani abu a wannan birni da ya ba ni dariya ya kuma ba ni tsoro. Garin yana kan iyakar jihohi biyu, Mizuri da Kansas, titi ɗaya ya raba su. Sai jihohin suka shiga gasar zawarcin kamfanoni. Wannan ta ce ka tsallako na yafe maka, waccan ta ce ka dawo na ƙara maka. Kamfanin gidajen silima na AMC ya kwashe hedikwatarsa daga tsakiyar birnin ya tsallaka ɓangaren Kansas, aka ba shi rangwamen miliyoyin daloli. Kamfanin gidajen abinci na Applebee's ya tsallako ta ɗaya ɓangaren, shi ma aka ba shi nasa, bayan 'yan shekaru ya tattara ya koma Kalifoniya gaba ɗaya. Ma'aikatan su ne dai na jiya, gidajensu ba su canza ba, hanyar zuwa aiki kawai ta canza. Ba sabon aiki, sai asusun jihohi biyu da ya rame. Sai a 2019 gwamnonin biyu suka gaji suka yi sulhu cewa a daina.

Me ya haɗa mu da wannan? Cikin birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk ranar da ciyamomi suka ji kuɗi da iko a hannu, in ba mu yi hattara ba irin wannan gasar za su shiga. Kanti ya tashi daga Fagge ya koma Tarauni, a yanka ƙyalle, a kira mu mu yi anko mu yi guɗa, a ce an samar da aiki ɗari biyu. Alhali yaran da ke ciki su ne dai, kuɗin adaidaita sahu kawai aka ƙara musu.

Sannan ku lura da wani bambanci da matashin nan bai faɗa ba. Su can tsakiyar garinsu ta zama kango ne shi ya sa suke roƙon a shigo. Mu tamu ta mutu? Wadda ta shiga Kantin Kwari ana saura mako guda sallah ta ba ni amsa. Ki je Sabon Gari, ki je Singa, ki je Wambai, ki je Kurmi da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wurin sa ƙafa ma wahala yake. Daga Nijar, Chadi da Kamaru ake zuwa sari, ba wanda ya yafe wa kowa sisi kafin su zo. Ciwon tsakiyar garinmu daban ne. Gobarar Sabon Gari ta 2016 ta cinye dubban shaguna cikin dare ɗaya. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi. Ga rashin wuta, ga cunkoso, ga kwatoci a toshe, ga motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga lungu. Mai ciwon ciki aka zo wa da maganin ciwon kai.

Inda ya zama kufai a garin nan ai mun san shi. Ku zaga Sharaɗa, Bompai da Challawa ku ƙirga masana'antun da aka garƙame. Da yawanmu iyayenmu ko mazajenmu sun yi aiki a can. Gwamnatin tarayya ta shafe shekaru tana da tsarin hutun haraji na shekara uku zuwa biyar ga wasu masana'antu, bai hana waɗannan rufewa ba. Rashin wuta ne, da tsadar man janareta, da kayan waje masu araha da suka cika kasuwa. Mai masaƙa in ba wuta, ko ka yafe masa harajin shekara ɗari injinsa ba zai juya ba.

Ko babban kantin Shoprite da ya buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, wanda yara suka riƙa zuwa ɗaukar hoto a ciki, a watan Janairun 2024 ya rufe ya bar Kano. Ban zarge su ba, 'yan kasuwa ne, sun duba littafinsu sun ga ba ta fitar da su. Abin da nake so mu riƙe shi ne, babban kamfani yana da ƙafa. Ranar da lissafi ya ƙi, zai tafi. Mai ƙosai ta bakin tasha ba inda za ta.

Bari na kawo maganar gida. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya abinci take sayarwa a gefen wata kasuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan tun rasuwar mijinta. Kullum ta Allah sai an yankar mata tikiti. Wani na wuri, wani na shara, wani ma ba ta san na mene ne ba, in ta tambaya a ce za a ɗauke mata tukunya. Mu ƙaddara naira 200 kacal take biya a rana, kwana shida a mako. A shekara ya kama naira 62,400. Mace ɗaya ke nan mai tukunya uku. Yara mata biyu ke taya ta, tana sallamarsu kullum. Mai kawo mata itace, mai ɗebo ruwa, mai niƙa, ɗan dako, duk a jikinta suke ci. A wurin nan babu makewayin mata, sai ta roƙi wani gida a bayan layi. Ba a taɓa kiran ta mai zuba jari ba. Ba a taɓa ce mata ga hutun wata ɗaya ba, ko lokacin da ta yi jinya. Yanzu kuma a ce daga cikin wannan 200 ɗin za a ja wa mai biliyoyi titi, shi kuma a ce ya huta shekara goma? Haba jama'a. Kuma filin da za a bayar "kyauta" a tsakiyar gari, kun taɓa ganin fili a tsakiyar Kano da ba kowa a kai? Akwai 'yan tebur, akwai masu abinci, akwai masu ɗinki. Su za a fara tasa, kuma mata ne a gaba wajen kwashe kwanuka.

Na san abin da wasunku za su ce, don an riga an faɗa min a waya. "Hajiya, yaranmu ba aikin yi, sun gama makaranta suna zaune a gida, ke kuma kina korar masu kawo aiki." Wallahi ni ma ina da mai digiri a ɗaki yana jiran Allah Ya kawo. Ba na korar kowa. Duk mai son kafa sana'a a garin nan marhabin da shi, kuma na yarda wani lokacin sai an ɗan sa wa mutum hannu kafin ya shigo, musamman in abin da zai kawo babu irinsa a nan. Abin da nake cewa, in za a yi, a yi shi irin cinikin da mu mata muka iya.

Wace ce take biyan tela kuɗin ɗinki duka tun bai yanka ba? To haka nan. Kada a ba kamfani komai a gaba. Ya fara ɗaukar ma'aikata, a je a ƙirga su da ido, a ga takardar albashinsu, sannan a rage masa gwargwadon abin da ya cika. A nan ma 'yata ta ba ni misali. A 2017 kamfanin Foxconn na Taiwan, masu haɗa wayoyin iPhone, ya yi wa jihar Wiskonsin alkawarin aiki 13,000, jihar ta yi masa alkawarin rangwamen kusan dala biliyan 3. Abin bai tabbata ba. A 2021 aka sake zama, alkawarin aiki ya dawo 1,454, rangwamen ya dawo dala miliyan 80. Jihar ta tsira da mafi yawan kuɗinta saboda tun farko ta ɗaure biyan da yawan aikin da aka samar. Amma ƙananan hukumomin wurin, da suka yi gaggawar ciyo bashi suka sayi filaye suka ja ruwa tun kafin a ga komai, har aka tashi mutane daga gidajensu, su suka kwana a ciki. Kamfani ɗaya, gari ɗaya, wanda ya ce sai na gani ya tsira, wanda ya yi gaba da zumuɗi ya sha.

Fili kuma kada a mallaka, a ba da haya na shekaru sanannu, a rubuta cewa in ba a yi ginin ba cikin lokaci kaza, ko aka juya shi zuwa wani abin daban, ya dawo hannun jama'a. Mun sha ganin filin da aka karɓa da sunan masana'anta ya wayi gari an yanka shi shaguna ana sayarwa. A rubuta adadin 'yan jiha da za a ɗauka, a rubuta adadin mata a ciki, kuma ba shara da wanke bayi kaɗai ba. Duk wadda za a tasa daga wurin sana'arta a nuna mata inda za ta koma kafin a kawo katafila, ba bayan an rushe ba. Kuma gwamnati kada ta tsaya wa kowane kamfani lamuni da asusun jama'a, wannan shi ne ramin da Kansas ta faɗa.

Wanda ya fi min duka shi ne a buga yarjejeniyar kowa ya gani. A karanta ta a rediyo da Hausa, a kai ta gaban majalisa. In an ce sirrin kasuwanci ne, to a yi sirrin da kuɗin masu sirrin. Kuɗin marayu da zawarawa na ciki, ba a yi masa ƙunshe.

In da ni za a tambaya ma, kuɗin da za a kashe wa kamfani ɗaya gara a zuba shi inda kowa zai mora. A yashe magudanan ruwa na Kwari kafin damina. A sa sola da fitilu a layukan kasuwa. A buɗe hanyar motar kashe gobara, a haƙa rijiyoyin burtsatse kusa. A gina makewayin mata mai tsafta da ɗan wurin sallah da shayar da jariri. A haɗe tikitin nan barkatai ya zama guda ɗaya mai rasit, mace ta san abin da za ta biya a wata da wanda za ta ba. Babban ɗan kasuwa ma abin da yake nema ke nan. In ya ga wuta, tsaro, hanya da masu saye, da ƙafarsa zai zo, ba sai an yi masa toshi ba.

Wata 'yar uwa ta ce min in yi a hankali kada in ɓata da manya, zaɓen shugabannin jam'iyya na tafe. Na gode mata, kuma na san gaskiya ta faɗa. Amma ku tuna ranar zaɓe wa ke cika layi tun da asuba da goyo a baya. Mu ne za mu shiga gida gida mu tallata wannan takardar manufofin. In mai abinci ta tare ni a soro ta ce, Hajiya, an ce za ku yafe wa masu kuɗi haraji, ni fa? Me zan ce mata? Gara mu yi gardamar yanzu a cikin gida, da a yi mana ita a bakin akwati. Ba adawa nake da kowa ba, matashin nan ma na nemi lambarsa, yaro ne mai ladabi, ya ce zai zo mu zauna da 'yata su baje lissafin.

Kwamitin zai sake zama nan da mako biyu, kuma na roƙi a ba mata minti goma sha biyar, an amince. Ba na so in shiga da baki kawai. Don haka kowace shugabar mazaɓa ta samu mata biyar masu sana'a a kasuwa, tasha ko bakin titi. Ta tambaye su tikiti nawa ake yankar musu a mako, nawa ne jimilla, ana ba su rasit ko ba a ba su, mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsu, kuma wane abu ɗaya ne in an gyara a wurin zai fi taimakonsu. Kada a rubuta sunan kowa, sana'a da unguwa sun isa. Wadda ta samu tsofaffin tikiti ta ɗauki hotonsu. Ku tura wa shugabar ƙaramar hukumarku, ko a rubuce ko da murya, kafin Alhamis ta sama, su kuma su haɗo min zuwa Asabar. Shugabannin ƙananan hukumomin karkara, ku ma da ku, don kuɗin da za a yafe a birni har da na asibitinku a ciki.

A tura wa sauran zaurukanmu na mata. Allah Ya bar zumunci.

Taku,
Shugabar mata